Lambar Shasi da Satar Mota: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasashen Ikara, Maƙarfi da Kudan

An shirya wannan jawabi ne domin Hakimai da Dagatai da malaman da ke riƙe musu littattafai a ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, cikin Masarautar Zazzau. Maganar da ke cikinsa guda ɗaya ce. Kowace mota tana da lamba wadda maƙeranta suka buga a jikin ƙarfenta tun ran da aka ƙera ta, haka kuma kowane babur. Bai kamata mai riƙe da sarauta ko mai riƙe da alƙalami ya sa hannu ko hatimi a takardar cinikin mota ba, sai an karanta wannan lamba daga jikin ƙarfen, an gwada ta da abin da ke rubuce a takarda.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi waɗannan ƙasashe

Ƙasashen nan uku ƙasashen noma ne. Idan kaka ta yi, aka sayar da masara da barkono, ko kuwa rake da tumatir suka shiga kasuwa, kuɗi kan zo hannun talakawa a dunƙule. A lokacin ne saurayi kan nemi babur, magidanci ya nemi akori-kura ta ɗaukar kaya, wani kuma ya nemi motar haya. Har wa yau babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ta Tashar Yari. Ikara da Maƙarfi suna iyaka da Jihar Kano, Kudan kuwa tana iyaka da Jihar Katsina. Motar da aka sace da dare a wata jiha tana iya kwana a wata kafin gari ya waye.

Ɓarawon mota ba hawa yake so ba, kuɗi yake so. Saboda haka yana bukatar mutum biyu: mai saye wanda araha ta ruɗa, da mai shaida wanda zai sa hannu bai duba ba. Ƙauye ya fi masa birni sauƙi, domin motar da ke zirga-zirga tsakanin gona da kasuwa takan daɗe ba a tambayi takardunta ba. Kuma a ƙauye, in an gama ciniki, wurin Mai Unguwa ko Dagaci ko ofishin Hakimi akan nufa a rubuta shaida. To, nan ne hannun masu sarauta ke shiga cikin al'amarin, ko sun so ko ba su so ba.

Riga daban, suna daban

Mutane da yawa, in aka ce lambar mota, ba su san wata ba sai wadda ke rataye a gaba da baya, mai haruffa uku na ƙaramar hukuma, kamar ZAR na Zariya. Wannan lambar rajista ce, gwamnati ke bayarwa. Kamar riga take: da ƙusa huɗu aka ɗaura ta, yaro ma yana iya kwance ta. Lambar shasi kuwa, watau lambar ƙashin mota, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da haruffa uku, VIN, ita ce sunan yanka. Ba ta sakewa don an sake mai mota, ko an sake fenti, ko an ƙetare teku. Akwai kuma ta uku, lambar inji, amma inji akan sauke shi a ɗora wani, don haka ba ita ce madogara ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu mulkin ƙasa. Tun da can makiyaya kan yi wa dabbobinsu lalas ko tsaga a kunne, kuma Sarkin Zango ba ya yarda a kammala cinikin sa sai an san mai shi da inda ya fito. Lambar shasi lalas ce a jikin ƙarfe.

Asalin lambar

A Amurka aka fara sa wa motoci irin wannan lamba a 1954, amma kowane kamfani da nasa tsari, wani gajere, wani dogo. Daga motocin 1981 ne gwamnatin Amurka ta wajabta tsari guda mai gurbi 17, haruffan boko da alƙaluman lissafi a gauraye. Ƙungiyar daidaita ma'auni ta duniya ita ma ta shimfiɗa ƙa'ida mai lamba 3779 bisa wannan tsawo. A kan haka yawancin kamfanonin duniya suke tafiya. Tsofaffin motocin da aka ƙera kafin 1981, kamar Fijo na farko da aka harhaɗa a Kaduna daga 1975, akan same su da gajeriyar lamba, kuma wannan ba laifi ba ne.

Yadda ake karanta ta

Abu na farko, malami ya ƙidaya. Yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 ya kamata su ba da gurbi 17, ba 16 ba, ba 18 ba. Abu na biyu, haruffa uku ba su shiga cikinta ko kaɗan, watau I da O da Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Takardar da aka rubuta ɗayansu a cikin lambar shasi, ko dai marubucin ya yi kuskure, ko kuwa takardar ta jabu ce.

Gurbi uku na farko suna nuna ƙasa da kamfani. J ta Japan ce, K ta Koriya ga yawancin motocin da ke zuwa nan, W ta Jamus, L ta Sin. 1 da 4 da 5 na Amurka ne, 2 ta Kanada, 3 kuwa ta Meziko. JT na nufin Toyota ƙirar Japan, 4T1 Toyota ƙirar Amurka, 1HG Honda ƙirar Amurka, WVW Volkswagen, VF3 Fijo ƙirar Faransa. Baburan Bajaj na Indiya da MD2 suke farawa. Motar da tambarinta ya ce Honda, lambarta ta fara da JT, ba sai an kira makanike ba.

Gurbi na 4 zuwa na 8 suna bayyana irin motar, da siffar jikinta, da injinta. Gurbi na 11 masana'antar da aka ƙera ta ne. Shida na ƙarshe kuwa su ne lambar jerinta a cikin 'yan'uwanta.

Gurbi na 10, a motocin Amurka da Kanada da wasu da yawa, shekarar mota yake nunawa. Y ita ce 2000. Daga 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009. A ita ce 2010, B 2011, C 2012, haka har L ta 2020, ana tsallake haruffan da aka hana. Jerin yana zagayowa bayan shekara 30, don haka A tana iya zama 1980. A ƙananan motocin Amurka gurbi na 7 ke raba gardama: in alƙalamin lissafi ne, motar ta kafin 2010 ce, in harafi ne, daga 2010 take. Amfanin wannan a fili yake. Akan sake wa tsohuwar mota fitilu da bamba ta yi kama da sabuwa. In dillali ya ce motar 2012 ce, gurbi na 10 kuwa ya nuna 8, to, motar 2008 ce, ko da an rantse.

Gurbi na tara da hisabinsa

Malaman da suka san hisabi, inda kowane harafi ke da adadinsa, za su gane wannan da sauri. A motocin da aka ƙera domin Amurka da Kanada, gurbi na 9 mai gadi ne: ana fitar da shi daga lissafin sauran 16. Ga adadin haruffa. A zuwa H, 1 zuwa 8. J, K, L, M, N, 1 zuwa 5. P 7, R 9. S zuwa Z, 2 zuwa 9. Alƙaluman lissafi suna nan a matsayinsu. Kowane gurbi kuma yana da nauyinsa, daga na farko zuwa na ƙarshe kamar haka: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10, 0, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2. Sai a riɓanya adadin kowane gurbi da nauyinsa, a tara jimla, a raba da 11. Abin da ya saura shi ne ya kamata a gani a gurbi na 9. In saura 10 ne, X ake rubutawa.

Ga misali mai sauƙi. A ce lamba duka 1 ce, sau 17. Jimla 89, a raba da 11, saura 1, ya dace da abin da ke gurbi na 9. To, a ce wani ya mai da 1 ta ƙarshe ta zama 2. Jimla ta koma 91, saura 3, alhali gurbi na 9 yana nan a 1. Asiri ya tonu. Ɓarawon da ya mai da 3 ta zama 8 da guduma, bai san wannan lissafi ba, takarda da fensir sun ishi malami ya kama shi.

Amma a yi hattara. Motocin da aka ƙera domin Turai ba a wajabta musu wannan ba. Golf da ta fito daga Jamus akan ga ZZZ a tsakiyar lambarta, kuma lissafin ba zai fita ba. Kada a tuhumi mai ita a kan wannan.

Inda ake samunta

A ƙananan motoci akan gan ta a wani ɗan faranti ƙarƙashin gilashin gaba, wajen direba, ana karanta ta daga waje. Akwai ta kuma a takardar da kamfani ya manna a dogaran ƙofar direba. Wadda ta fi muhimmanci ita ce wadda aka buga a jikin ƙarfe: a bangon da ya raba inji da mazauni, ko a daɓe ƙarƙashin kujerar gaba, ko kuwa a jikin dogon ƙarfen shasi ga akori-kura da manyan motoci. A babur tana wuya, ƙarƙashin kan, lambar inji kuma tana jikin inji daga ƙasa. Bayan haka, bisa wata doka ta 1984, Amurka ta sa a riƙa manna lambar a manyan sassan motocin da aka fi sata, kamar ƙofofi da murfin inji da bamba. Lalle ne duk waɗannan wurare su faɗi magana ɗaya.

Dabarun ɓarayi

Tun da lambar ita ce mai tona asiri, duk aikin ɓarawo a kanta yake. Dabarunsa huɗu ne.

Ta farko, gogewa. A kankare lambar da dutsen wuta, a buga wata da guduma. Alamarta ita ce ƙarfen wurin ya yi kwari ko santsi, haruffa ba su daidaita a layi ba, wani ya fi wani zurfi, ga sabon fenti a wurin da ya kamata ya tsufa.

Ta biyu, dashe. A sayi motar da ta yi mummunan haɗari da araha, ba don komai ba sai don takardunta. A yanko ƙarfen da lambarta take, a yi waldarsa a jikin motar sata irinta. Alamarta tabon walda ne kewaye da lambar, ko kauri na abin cike da ake shafawa kafin fenti. A shafa bayan ƙarfen da hannu, a haska da tocila.

Ta uku, tagwaye. A kwafi lambar wata mota halattacciya mai irin ƙira da launi, a buga wa ta sata, a yi mata takardun jabu. Sai motoci biyu su riƙa yawo da suna ɗaya, ɗaya a Legas, ɗaya a Hunƙuyi. Wannan ita ce mafi wuyar ganewa, sai an tambayi hukuma. Domin haka bai kamata mai mota ya riƙa bai wa wanda bai sani ba hoton takardunsa ba.

Ta huɗu, fiɗa. A wargaza mota a sayar da ita gunduwa-gunduwa. Wannan ya sa motocin da suka fi yawa a hanya, waɗanda kayansu ba su kwana a kasuwa, su ne ɓarayi suka fi bi, ba lalle sai masu tsada ba. Haka baburan haya.

Har wa yau lambar tana nuna wa mai saye irin tsaron da motarsa ke bukata. Akwai na'urar da ke hana inji tashi sai da mabuɗinsa na asali. Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin motoci daga 1998, Kanada daga 2007, amma Amurka ba ta wajabta ba. Motocin Kia da Hyundai da yawa da aka sayar a Amurka tsakanin 2011 da 2021 ba su da ita, satarsu kuwa ta yawaita ƙwarai a can daga 2021. Wanda ya karanta ƙasa da shekara a lambar motarsa, ya san ko zai ƙara mata makullin sitiyari ko na'urar bin sawu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Satar da ke zuwa daga ƙetare

Ba motar da aka sace a Kano ko Kaduna kaɗai ake tsoro ba. A Kanada an sace motoci fiye da 100,000 a 2022, wasunsu kuwa ta jirgin ruwa suka iso Afirka ta Yamma. A watan Satumba 2024 Hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53. A watan Nuwamba na wannan shekara Hukumar Kwastan, ƙarƙashin Adewale Adeniyi, ta mayar da wasu 21. A watan Maris 2025 kuma 'yan sandan duniya, watau Interpol, suka yi samame a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, aka gano motocin sata kimanin 150, yawancinsu daga Kanada. Da lambar shasi ake gano irin waɗannan, domin Interpol tana riƙe da babban kundi na motocin da aka sace a duniya. Mota tana iya shekara biyar a hannun mutum, ran da aka gwada lambarta da kundin nan, ta bar hannunsa.

Hukumomin da ake tambaya

Rajistar mota a wannan jiha tana hannun Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kaduna. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana riƙe da kundin lambobin rajista, kuma ana iya tambaya ta waya a ga irin motar da aka bai wa lamba kaza. 'Yan sanda suna da rajistar motoci ta tsakiya, wadda aka mai da ita ta kwamfuta a ƙarshen 2022, inda ake shigar da rahoton sata. Hukumar Kwastan kuwa daga 2022 ta shiga ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, don haka takardar kwastan ta gaskiya lalle tana ɗauke da lambar motar.

Abin da doka ta ce

Dokar Final Kod ta Arewa, ta 1959, a sashe na 317, ta sa ɗauri har shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata da rashin gaskiya, yana sane, ko yana da dalilin zaton na sata ne. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017, karɓar kayan sata kuwa yana nan a cikinta a matsayin laifi. A lura da maganar nan ta dalilin zato. Mutumin da aka sayar wa mota da rabin kuɗinta, da dare, ba takardar kwastan, zai sha wuya kafin alƙali ya yarda bai yi zaton komai ba. A fikihu ma malamai sun san babin istihƙaƙi: in mai kaya ya kawo hujja, ya karɓi kayansa, mai saye ya bi wanda ya sayar masa. Ɓarawo kuwa ba ya barin adireshi. Haka kuɗin noman shekara uku kan salwanta a yini ɗaya, sa'an nan a kira wanda ya sa hatimi ya yi bayani a gaban shari'a.

Abin da ake so a yi

1. Kada a rubuta shaidar ciniki sai mota ko babur yana tsaye a ƙofar ofis, da rana, mai sayarwa da mai saye da dillali duk suna nan.

2. Malami ya karanta lambar da idonsa daga jikin ƙarfe, ya rubuta ta da manyan haruffa, sa'an nan ya gwada ta da takardun. Kada ya kwafa daga takarda, kada kuma a yi masa shifta.

3. Ya gwada ta da takardar kwastan, da lasin mota, da takardar shaidar mallaka, da inshora, da rasit. Harafi ɗaya ya saɓa, a dakata.

4. Sunan da ke takardu ya zama na mai sayarwa. In ba nasa ba ne, ya kawo takardar cinikin da ta sada shi da motar. A rubuta lambar katinsa na ɗan ƙasa, kuma ya zo da wanda aka sani a garin ya tsaya masa.

5. Kafin a biya kuɗi, mai saye ya kai lambar ofishin 'yan sanda da ofishin rajista a bincika. Bayan ciniki kuma ya je a sake suna a takardu, domin shaidar Hakimi ba ta maye gurbin rajista.

6. Kowace gunduma ta buɗe littafi guda domin wannan: kwanan wata, irin mota, launi, lambar rajista, lambar shasi, lambar inji, sunayen masu ciniki da shaidu, da kuɗi.

7. In an ga abin tuhuma, Hakimi ya aika wa baturen 'yan sanda na yankinsa. Zamanin En'e da 'yan doka ya wuce, kamu da bincike aikin 'yan sanda ne. Kada kuma a bari jama'a su taɓa wanda ake tuhuma, domin sau da yawa wanda aka samu da motar shi ma cutarsa aka yi.

8. Hakimi ya tara shugabannin tasha, da na 'yan acaɓa, da makanikai, da masu walda, da dillalai, ya gargaɗe su. Wanda aka kawo wa aikin goge lamba ko yanke ta, ya kai rahoto.

9. A yi shela a kasuwa da masallatai cewa kowane mai mota ko babur ya rubuta lambar shasi da ta inji ya ajiye a gida, kada ya bar takardun asali a cikin mota. Mutum da yawa an sace musu babur, sun je wurin 'yan sanda, ba abin da suka iya faɗi sai launinsa.

Kammalawa

Karanta gurbi 17 bai fi aikin minti biyar ba, amma yana tsare dukiyar talaka da mutuncin sarauta. Ƙasar da aka san ba a sa hatimi sai an duba ƙarfe, ɓarawo ba ya kai hajarsa can, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana fata Hakimai za su karanta wa Dagatai da Masu Unguwa wannan jawabi a zaman majalisa, malamai kuma su koyi karatun lambar a jikin motocin da ke kusa da su tun kafin ranar bukata. Allah ya tsare dukiyar jama'a, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.